Zuwa Ɗa'ifa Neman Shafin Sojoji Marasa Takalmi

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanyar Ɗa'ifa daga Jarwal, unguwarmu a Makka, mu biyu a motar abokin tafiyata. A cinyata akwai gwangwanin alewa, a cikinsa sojoji biyar kwance a kan auduga. A aljihun gaba kuma ga iƙamata, wato katin izinin zama, ga littafin rubutu da fensir. Abokan karatuna sun ce in rubuta musu yadda tafiyar ta kasance. To ga shi, amma dole in fara da abin da ya fitar da mu, kada wani ya ɗauka shan iska muka je.

Ni mai fentin gini ne, shekarata ashirin da biyu a Makka. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mukan haɗu mu bakwai a wani ɗakin sama a unguwar Rusaifa, mu yi wasan yaƙi a kan tebur. Ana shimfiɗa koren ƙyalle, a kafa duwatsu da koguna na kwali, a jera sojojin dalma waɗanda tsawon kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Da tef ake auna tafiyarsu, akwai dokoki a rubuce, kuma ba a sa ko sisi. Fuska ma ba ma zana musu, ba ido ba baki. Tun kafin in shiga aka yanke haka don hankalin kowa ya kwanta. Yaƙe-yaƙen da muke yi na Amurka ta Kudu ne, na kimanin shekara ɗari da hamsin da suka wuce, domin littattafansu ne dattijon da ya kafa zaman yake da su.

Zaman namu yana da doka ɗaya da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: runduna ba ta hawa tebur sai mai ita ya kawo shafinta. Wato ya buɗe littafi, ya nuna inda aka ce kayan sojan haka suke, ya karanta da bakinsa a gaban kowa. Shekara shida ina yi wa mutane fentin rundunoninsu, su karanta, ni in riƙe buroshi, domin ban san boko ba. Shekara biyu da suka wuce na shiga ajin manya da wani maƙwabcinmu yake koyarwa. Bana na ce ni ma zan yi tawa. Na sayi sojojin ƙasar Paraguwai guda ɗari da ashirin.

Da suka iso, na ga kowanne da takalmi har ƙwauri. Ni kuwa na tuna wani hoto a littafin dattijon nan, wanda na gani tun ban iya karatu ba: sojan Paraguwai tsaye da jar riga, ƙafarsa ba takalmi. Na yarda da idona. Na ɗauki ƙaramin magagari da allura, na kankare takalman nan ɗaya bayan ɗaya, na fitar musu da yatsu. Wata bakwai na yi a kan wannan aiki, kuma dalmar da aka kankare ba ta komawa.

Ranar da na kai su Rusaifa sai gardama ta tashi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne mai rundunar Birazil, wadda za ta kara da tawa ranar Alhamis mai zuwa. Yana da shagon kayan lantarki a Tandabawi, haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙasa. Larabci yake karantawa, Hausa kuwa a baki kawai. Shafin tasa rundunar ma a wani ɗan littafin Larabci ya karanto shi. Ya ce mini, da sunan da ake kiran mai sana'a a nan, "Ya Usta, ina shafi? Ba shafi, ba tebur." Gaskiyarsa ce. Littafin kuma yana Ɗa'ifa, domin dattijon ya koma can wajen 'yarsa bara, zafin Makka ya fara yi masa yawa. Ba ya ba da aron littafi, ba ya kuma riƙe wayar da ke ɗaukar hoto. Sai mai Birazil ɗin ya ce shi zai kai ni da motarsa, ba don tausayi ba, don ya ga fuskata idan an buɗe shafin. Shi ne abokin tafiyar tawa.

Mun bar Jarwal garin bai gama wayewa ba, alhazan Umara suna dawowa daga Harami rukuni-rukuni, masu shara suna bin bayansu. A bakin gari muka tsaya karin kumallo a wani shagon ful. Ga wanda bai sani ba, wake ne da aka dafa ya yi laushi, a zuba mai, a ci da gurasa mai zafi da ake kira tamis. Mu biyu da shayi ba mu kai riyal ashirin ba. Mai shagon ɗan Yaman ne, ya ga yadda nake rungume da gwangwani har a wajen cin abinci, ya tambaye ni ko zinariya ce. Abokin tafiyata ya ce masa, "La, mutane ne matalauta, ko takalmi ba su da shi." Mutumin ya dube mu, ya koma kan tukunyarsa.

Hanyar ta bi ta kusa da Arfa. Na saba ganin filin cike da fararen kaya, amma a wannan safiyar babu kowa sai itatuwa da fitilu a jere. A wurin bincike jami'in ya duba iƙamata, ya leƙa cikin mota, ya ɗaga mana hannu. Daga nan ƙasa ta fara tashi, muka shiga hawan Hada.

Wanda bai taɓa bin wannan hanya ba, ya shirya cikinsa. Titi ne mai kyau, ba rami ko ɗaya, amma nannaɗe yake da jikin dutse, kana fita wannan kwana kana shiga wata. Idan ka waiwaya sai ka hangi inda ka baro can ƙasa, motoci kamar sojojinmu na tebur. Kunnena ya toshe har sau biyu. Abokin tafiyata yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana yi mini bayani da shi.

"Ya Usta, ka yi tunani mana. Wace gwamnati ce za ta ba soja bindiga ta hana shi takalmi?"

"Ni dai na gani."

"Ka gani yaushe? Lokacin ko sunanka ba ka iya rubutawa."

"Idona dai yana aiki a lokacin. Kai riƙe sitiyari da hannu biyu, kada mu je mu tambayi sojojin da kansu."

Ya yi dariya har ya buga sitiyari. Ban ji haushi ba. Mai fenti yana da abu ɗaya: idan ya ga launi ko siffa sau ɗaya, ta zauna. A kan ƙafar nan ban yi shakka ba ko kaɗan.

Kusa da ƙarshen hawan akwai inda motoci ke tsayawa saboda birai. Suna nan birjik a kan katangar titi, manya da ƙanana, ba sa tsoron kowa. Mun sauka don mu miƙe ƙafa. Sanyi ya doke ni, irin wanda na manta da shi a Makka, ga hazo yana tasowa daga kwari. Abokin tafiyata ya fito da ragowar gurasarmu zai nuna gwaninta, wani ƙaton biri ya fizge ledar gaba ɗaya, ya hau dutse ya juya mana baya. Ni tuni na tura gwangwanina cikin riga na koma mota.

Mun shiga Ɗa'ifa wajen ƙarfe takwas da rabi. Gari ne mai iska, da itatuwa a bakin titi, mutane ba sa sauri irin na Makka. Gidan dattijon yana wata unguwa a gefen gari, da itacen rumman a tsakar gida. Mun same shi a zaure cikin rigar sanyi da hula. Basakkwace ne, ya yi shekaru yana tafinta a asibiti lokacin aikin Hajji, Turancinsa da Larabcinsa duk sun nuna. Idonsa ne ya yi rauni. Ya gane mu da murya tun kafin mu ƙarasa sallama.

Gaisuwa ta ɗauki lokaci. Ya tambayi mutanen Rusaifa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali, aka kawo gahawa da dabino. Sai da muka sha kofi uku ya ce, "To, mi ya kawo ku wuri guda, ku da ba ku jituwa?" Na buɗe gwangwani na sa masa soja ɗaya a tafin hannu. Ya shafa shi da babban yatsa tun daga hula har ƙasa, ya tsaya a ƙafar.

"Wa ya fidda wanga yatsu?"

"Ni ne, Baba."

"Guda nawa?"

"Ɗari da ashirin."

Ya ce, "Allah shi ba ka lada ko haƙuri, duk wanda ya dace. Ku tashi ku wanke hannu."

Wannan tsohuwar dokarsa ce, ba a taɓa masa littafi da hannun da ya ci dabino.

Littattafan suna ɗaki na ciki, cikin kabad mai gilashi, sun kai talatin. Yanzu da na iya karatu na lura ba iri ɗaya ba ne, da can duk takarda ce a wajena. Akwai sirara masu hotuna masu launi, soja a tsaye ta gaba da ta baya, an nuna har maɓallin riga. Su masu fenti suka fi so. Akwai masu kauri da ke lissafa rundunoni, wace ta tsaya a ina, mutum nawa ne a ciki. Su masu shirya tebur suke buɗewa. Akwai na taswira zalla, na koguna da fadamu. Wasu na yaƙin Paraguwai da maƙwabtanta uku ne, wasu na yaƙin da Chile ta yi da Peru da Bolibiya a hamada. Yawancinsu da Turanci, kaɗan da Sifaniyanci. Abin da ya sa suka yi mana amfani shi ne, dattijon ya bi su shekara da shekaru yana rubuta fassara da Hausa a gefen shafi, da fensir, ƙanana ƙanana.

Ya ce bai tuna wanne ne ba. Na ce ni na tuna: siriri ne, koren bango, da zoben kofin shayi a kusurwar ƙasa. Abokin tafiyata ya zaro shi a layi na biyu, ga zoben shayin nan kuwa. Ya miƙo mini shi. Na zauna a tabarma kusa da taga, na riƙa buɗewa a hankali. Bayan tsakiya kaɗan sai ga shi. Jar riga, farin wando, doguwar hula, bindiga a kafaɗa, ƙafa a ƙasa da yatsunta biyar.

Abokin tafiyata ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takarda. Ya ɗago ya ce, "La ilaha illallah. Khalas, ya Usta, ka ci. Wallahi babu takalmi."

Dattijon ya ce, "Hoto ba karatu ba ne. Doka ta ce da baki."

A ƙarƙashin hoton akwai layi huɗu na fensir. Na ɗora yatsa na fara, kalma kalma, yadda aka koya mana. Layin farko ya ce sojan ƙasa na Paraguwai ba ya sa takalmi, tun farkon yaƙin har ƙarshensa. Na karanta shi ban yi tuntuɓe ba. Abokin tafiyata ya tafa, ya miƙe yana neman mukullin mota.

A nan wani abu ya faru da bai taɓa faruwa da ni ba. Bakina yana kan layin farko, idona ya riga ya sauka na biyu da na uku. Malaminmu ya sha gaya mana wata rana ido zai wuce baki, ban san ranar za ta zo mini a haka ba. Abin da idon ya gani shi ne: jar rigar nan ta shekarun farko ce. Daga baya yadi ya ƙare musu, kowa ya sa abin da ya samu, wani tsohon bargo, wani fata, wani ba riga sam. Yaƙin da za mu yi ranar Alhamis kuwa na shekarun ƙarshe ne, duk mun san haka.

Ni kuma me na yi? Na yi aikin mai fentin gini. A sana'armu abin kunya shi ne bango ya fito wani wuri ya fi wani duhu. Saboda haka na haɗa jan fenti sau ɗaya a kwalba guda, don kada riga ta bambanta da riga. Na shafa wa sojoji ɗari da ashirin fentin sau uku-uku, na bi da mai sheƙi. Suna walƙiya kamar ƙofar sabon otal. Da wannan na fi alfahari, fiye ma da ƙafar.

Na dubi ɗakin. Dattijon ba ya ganin fensir, kuma shekarun da ya yi rubutun sun yi nisa. Abokin tafiyata ba ya karanta boko, ga shi har ya sallama. Hoton kansa yana bayana, jar riga ce a jikinsa. Idan na rufe littafin a nan, babu mai cewa komai. Amma na yi tunanin shekara biyun da na yi ina zama a kan benci bayan aiki, gwiwa tana ciwo, ina haɗa baƙi da wasali. Ban yi su don in karanta rabin abin da ke gabana ba.

Na ce, "Zauna, da saura."

Na karanta layi na biyu, na uku, na huɗu. A kalmar bargo na tsaya sau ɗaya, fensirin ya goge, na sake ɗaukowa daga farko.

Abokin tafiyata ya zauna a hankali. Ya ce, "Yani rigunan duka ghalat?"

"Duka ba daidai ba ne. Ƙafa tawa ce, riga taka ce."

"To wa ya aike ka? Ni ban gani ba!"

"Ni na gani."

Dattijon ya yi dariya har da tari, 'yarsa ta leƙo daga ciki ta tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, a kawo abinci. Aka kawo salik, shinkafa ce da ake dafawa da madara har ta narke, da gasasshiyar kaza a kai, abincin mutanen Ɗa'ifa. Muna ci yana koya mini gyara. Ya ce ba sai na kankare ba. In kashe sheƙin, in bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu da jar riga amma koɗaɗɗiya, sauran in bi su da ruwan ƙasa, toka-toka, fari mai datti, kada biyu su zo iri ɗaya. Ya ce, "Ka yi musu irin aikin da in a gini ne, korarka za a yi." Na ce wannan zai fi kankare takalmi yi mini wuya.

Bayan azahar na fito da littafin rubutuna zan kwafe layukan, tunda na san ba ya ba da aro. Ya ji motsin fensir, ya tambayi abin da nake yi. Da na gaya masa, ya ce in ajiye. Ya laluba ya ɗauki littafin, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Tafi da shi. Amma kai za ka maido shi da kanka, ba aike ba. In ka taho, ka zauna nan ka karanta min abin da na rubuta. Shekara ukku ke nan ban ji shi ba."

Abokin tafiyata ya ce, "Baba, ni shekara goma ina roƙon aro."

"Kai hoto kake kallo," in ji dattijon.

Mun fito bayan la'asar. A bakin hanya masu kayan lambu sun jera akwatuna: rumman, inabi, ɓaure, da 'ya'yan wani icce mai ƙaya da suke kira barshumi, mai sayarwa ne yake feɗe maka da wuƙa. Ƙaramin kwandon rumman riyal talatin aka ce, muka tsaya a ashirin da biyar. Na saya wa maiɗakina kwalbar ruwan wardi, domin an ce wanda ya je Ɗa'ifa bai kawo shi ba zai sha tambaya. Littafin na naɗe shi a rawanina na ɗora a cinya, gwangwani a kansa.

Saukowa ta fi hawa ban tsoro, sai warin birki. Mun wuce masallacin miƙati, mutane suna fitowa cikin harami suna shiga motoci. Da muka kusa ƙasa abokin tafiyata ya dube ni. Ya ce, "Ka san da ka yi shiru da ka huta." Na ce na sani. Muna isa gindin dutsen zafin Makka ya tare mu kamar an buɗe tanda, na cire rigar sanyi. Ana kiran magariba ya sauke ni a Jarwal.

Kwana huɗu suka rage mini. Na yi su bayan asuba kafin in fita aiki, da kuma daga la'asar zuwa isha. Ranar Lahadi abokin tafiyata ya aiko mini da fitila mai haske daga shagonsa, ya ce ba taimako ba ne, so yake ya ci ni ba tare da uzuri ba. Hannuna ya yi ta gardama, yana son ya daidaita launi, ina hana shi. Na gyara tamanin da bakwai. Sauran na dusashe jansu kawai.

Ranar Alhamis a Rusaifa na tsaya a gaban mutum shida, na buɗe koren littafi, na karanta layi huɗu daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya gyara mini ko kalma ɗaya. Rundunata ta hau tebur, ba takalmi, ba riga biyu iri ɗaya. Kafin magariba Birazil ta murƙushe mu a bakin kogin kwali, ba a bar mini ko soja ɗaya a tsaye ba. Na kwashe mutanena na mayar kan auduga, raina fes.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma na riƙe shi. Idona bai yi ƙarya ba, abin da ya gani shekara shida da suka wuce yana nan. Sai dai hoto rana ɗaya yake nunawa, yaƙin kuwa shekaru ya yi, sauran labarin yana ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe. Duk wanda yake ajinmu yana jin karatun ya yi masa nauyi, ya daure har ranar da idonsa zai wuce bakinsa. In ta zo, ya karanta duka, har da layin da bai yi masa daɗi ba.

Muna saukowa daga bene a ranar, mai Birazil ya riƙo hannun rigata. Ya waiga ya tabbata sauran sun yi gaba, sannan ya zaro sojansa ɗaya daga aljihu, mai shuɗiyar riga tas, ya sa mini a hannu.

"Ya Usta," in ji shi, murya ƙasa ƙasa, "a littafin nan akwai hoton nawa. Duba mini abin da Baba ya rubuta a ƙarƙashi."